Ruwan Ɗorawa a Ɗakin Hajara

Ana dab da magariba mai fenti ya wanke burushinsa ya tafi, ya bar Hajara a bakin ƙofa tana kallon bangonta. Ta daɗe tana mitar wannan launi, tun kafin mijinta Datti ya sare tsohuwar ɗorawar bayan gida ya ƙara faɗin ɗakin. Yau ga shi, rawaya mai ɗumi kamar garin ɗorawa a ƙwarya. Hajara kuwa ba ta iya murna a ɓoye ba. Ta leƙa ta katanga ta ƙwala wa maƙwabta kira: "Ɗorawa ta sauka a gidanmu, kowa ya shigo!"

Ba a idar da sallah ba dutse ya faɗo a kan rufin kwano.

Daga ranar, duk almuru sai jifa, sai wani nishi daga jikin bango, bayansa shiru mai nauyi. 'Yarsu Afra'u, budurwa mai yawan dariya, ta daina cin abinci. Sai ta zauna ta jingina goshi da bangon, idanu a buɗe, ba ta amsa kira.

Tsoro ya kama Hajara, zargi ya biyo baya. Maƙwabciyarta Zulfa, da ta ga fentin, "ba laifi" kawai ta ce. Me ya sa? Mai fentin nan na Ajingi, wa ya san abin da ya dama a bokiti? Har Inuwa ƙanin mijinta, don ya shafa bangon, ta daina amsa gaisuwarsa. Duk garin Toranke babu wanda ya tsira daga zarginta, sai ita kanta.

Datti ya ɗauko Malam Hamma daga Kademi, dattijon da ya san ruƙiyya. Malam ya zauna nesa kaɗan da yarinyar yana karatu a hankali, har rana ta yi ja. Can Afra'u ta juyo, muryar wata tsohuwa ta fito daga bakinta.

"Kai malam, daina ƙona ni. Ba haurowa na yi ba."

"Wa ya aiko ki?"

Hajara ta matso, ta kasa kunne don jin sunan Zulfa.

"Babu mai aikena. Sun sare mini gida ina ji ina gani, na kwana a sarari ban ce uffan ba. Sai matar gidan ta yi shela cewa ɗorawa ta sauka, kowa ya shigo. Na shigo."

Kunya ta rufe Hajara, ta kasa kallon Datti.

"Launi ne, ba itace ba," in ji malam. "Akwai ɗorawa a jeji. Ki saki yarinya."

"A bar mini ɗakin."

"Ba za a bar miki ba."

Muryar ta ce, "To, zan tafi. Amma duk ran da aka sake kiran sunan gidana a cikin nan, gayyata ce, kuma da yarinyar zan koma."

Afra'u ta yi atishawa ta sulale ƙasa. Da ta farfaɗo a cinyar uwarta, ta ɗaga ido ta kalli bangon kamar yau ta fara ganinsa, ta yi murmushi.

"Umma, kai, ya yi kyau. Wannan ai ruwan ɗo…"

Hajara ta toshe mata baki da hannu biyu, tana kuka.