Tabon Cinyar Kumatu

Marin farko ya jefar da Maman Kumatu kan bokitin wanki, na biyu ya fasa mata leɓe! Kafin ta miƙe, yayar mijinta ta fizgo wayar dutsen guga ta shiga zabga mata, tana ihu don maƙwabta su ji.

"Muguwa! Azzaluma! Ku zo ku ga cinyar 'yar ƙanena! Yau zan ɗauke ta, ba za ta sake kwana a hannunki ba!"

Maman Kumatu ta rarrafa wajen 'yarta, mai wata goma sha biyar, wadda cinyoyinta duk tabon mintsini ne baƙi-baƙi. Wayyo Allah... ita da ta san komai na yarinyar nan! Ba ta shan nono sai ta riƙe kunnen uwarta, tana yi wa cokali faɗa, in ta yi atishawa ta kwashe da dariya. Amma tun da Yaya ta zo zama da su, duk ranar da ta fita kai kayan guga sai ta dawo ta tarar da sabon tabo, dariyar ma ta ɗauke. Da ta yi magana, aka ce sharri ne.

Ana cikin haka mijinta, direban babbar mota, ya shigo daga tafiya. Yaya ta fashe da kukan ƙarya. Ya dubi cinyar 'yarsa, idonsa ya kaɗa jajir, ya zare bel ya tsula wa matarsa har sau uku!

Ta riƙe ƙafarsa, jini na ɗiga daga bakinta. "Baban Kumatu, in kashe ni za ka yi, ka kashe... amma don Allah ka miƙa wa Kumatu 'yar tsanarta tukuna. Duk abin da aka yi mata, shi take yi wa 'yar tsanar nan."

Ya miƙa. Kumatu ta kwantar da ita, ta waiga ƙofa kamar mai gudun a gan ta, ta murɗe cinyar 'yar tsanar, ta ja dogon tsaki ta ce, "Tit, anja!"

Kowa a gidan ya san bakin da "Yi tsit, 'yar banza!" ke fitowa.

"Shirmen yara ne!" in ji Yaya, ta kai hannu za ta ɗauki yarinyar. Kumatu ta ƙwalla ƙara, ta rufe cinyoyinta da hannu biyu.

Innalillahi! Direba ya watso kayan yayarsa waje, matan gidan suka raka ta har titi da tofin Allah tsine, ɗankwali a hannu, ba takalmi.

Ya dawo ya durƙusa yana kuka. "Ki yafe mini..."

Ta rungume 'yarta, ta ce, "Allah na gode maka. Baban Kumatu, tashi ka ɗora ruwa, lokacin wankanta ya yi. Ka kula, ba ta son a fara da wanke mata kai."