Gidan Baba Ya Faɗa Teku

Ranar da Auta ta fara aiki a ofishin taswira, da ɓarna ta buɗe. An nuna mata tebur a kusurwa, ta tarar da kwamfuta a kunne, allon baƙi ƙirin, fararen rubutu na ta gudu a kai ba ƙaƙƙautawa. Ita a saninta, in kwamfuta ta yi haka to ta lalace. Don a ga ita ma mai amfani ce, ta kai yatsa ta kashe.

"Innalillahi," aka ce a bayanta, can ƙasa-ƙasa.

Wani dogon saurayi ne riƙe da kofin shayi, tabarau ya zamo masa kan hanci.

"Tun safe take wannan aikin," ya ce. "Saura kaɗan ta gama."

"Wayyo Allah! Na zaci ta lalace ce."

"Lafiyarta lau. Ni ne dai yanzu..." Bai ƙarasa ba, don a lokacin ya dube ta da kyau, maganar ta gudu ta bar shi. Ya rasa abin yi, sai ya miƙa mata shayin. Ita ma don ruɗewa ta karɓa.

Mai Baƙin Allo ake ce masa a ofis, saboda ba ya taɓa maus, ɗan abin nan da ake ja da hannu ana dannawa, komai rubuta wa kwamfuta yake yi. Shi aka ɗora wa koya mata aiki, shi ya sa take kiransa Malam.

"Jirgi ne ya bi ta saman garin nan ya ɗauki hoto," ya ce. "Hoton ya yi girman da babu kwamfutar da za ta buɗe shi gaba ɗaya, sai aka yayyanka shi kamar tayil ɗin ɗaki. Mu ma tayil muke ce musu. Aikinmu shi ne manuni, wato fayil ɗaya da zai zana iyakar kowane tayil, ya ce wannan nan yake zaune, wancan can. In an nuna unguwa, manuni ya san hoton da zai ɗauko."

"Da hannu za mu jera su?"

"Layi ɗaya za ki rubuta. Sunan umarnin, sunan manunin, sai alamar tauraro, ita ke nufin duk abin da ke cikin foldar. Kin gane?"

"Na gane," ta ce. Ko kaɗan ba ta gane ba, muryarsa take saurare.

Aikin ya zo ya shiga kanta a hankali, shi kuwa Malam tuni ya shige zuciyarta ya rufe ƙofa. Mutumin da in suna tare sai ya yi ta gyara tabarau, a waya bakinsa zuma.

"Barka da safiya, Tsakiyar Taswirata. Na auna garin nan kaf, duk inda na fara, wajenki nake ƙarewa."

"Malamina, ka bar auna gari ka karya kumallo. Jiya shayi kawai na ga ka sha."

Abu ɗaya ne ya ɗaure mata kai. Duk ranar da ta ce ya zo ya gaida Baba, sai ya ƙirƙiro uzuri. Yau mura, gobe aiki, jibi babur ya ƙi tashi. Mai son aure dai ai ba ya gudun ƙofar gidan su yarinya. Tun tana dariya har abin ya fara taɓa mata rai.

Baba kafinta ne, shagonsa manne da gidan. In ta dawo daga aiki takan leƙa ta zauna a kan wata 'yar kujera mai ƙafa uku da ke gefe, tana kallonsa yana goge katako. Kullum sai ya yi mitar kujerar.

"Wani ne ya zo ya sa na yi masa, bai sake waiwayowa ba. Mutanen yanzu sai addu'a."

Akwai kuma Yaya, ɗan gwaggonta, dillalin filaye. Ya daɗe yana cewa Auta tasa ce, Auta na mayar da maganar wasa, shi kuwa ba wasa yake ba. Sana'arsa kan kai shi ofishinsu lokaci-lokaci.

Da ta ƙware, shugabar sashe ta ba ta babban aiki, ta haɗa manunin garin gaba ɗaya ita kaɗai. Ta rubuta layin, ta danna, rubutu ya yi ta gudu har ya tsaya. Murna ba ta bar ta ta duba ba, ta tura aka buga a babbar takarda aka manna a bango. Sai da ta ja baya tana kallo gabanta ya faɗi. Murabba'ai sun jeru reras, amma a gefen tsakiya akwai rami ɗaya fari fat. Ta bi titi da yatsa, ta wuce kasuwa, ta karya kwana. Ramin a kan unguwarsu yake.

Kafin ta cire takardar, Yaya da ya shigo ofishin a ranar ya riga ya ɗauki hotonta a waya.

Dama an daɗe ana raɗe-raɗin za a faɗaɗa titin da ya ratsa unguwar. Kafin ta iso gida magana ta zaga, wai duk inda aka goge a taswira rushe shi za a yi. Yaya har ya fara ba maƙwabta shawara su sayar tun da wuri, ta hannunsa mana.

Ta tarar da Baba a shago bai taɓa aiki ba, wayar Yaya a hannunsa.

"Auta, ina gidana a nan?"

"Baba, kuskure ne na kwamfuta."

"Kwamfuta ta bar gidan kowa ta zaɓi nawa? An ce wanda ke koya miki aikin shi ke da iko da hotunan nan. Shi ne kuma mai son naki da ya ƙi zuwa ya gaishe ni. Yanzu na gane dalili. Wanda ya san za a rushe gida ai ba zai so haɗa ido da mai gidan ba. Kada in sake jin maganarsa."

Mama ta so ta sa baki, ya ɗaga mata hannu. Auta ba ta taɓa ganin hankalinsa ya tashi haka ba. A gidan nan aka haife ta, kuma da hannunsa ya kafa kowace ƙofa da ke ciki.

Washegari ta tare Malam. Ya rantse bai san komai ba, ta kuma ga alamar gaskiya a fuskarsa. Ta koma ta bi rubutun da ya gudu jiya layi-layi, sai ga gargaɗi ɗaya da ya wuce ba ta gani ba: wani tayil ba ma'auninsa ɗaya da sauran ba. Ta rage girman taswirar, ta ƙara ragewa, har garin ya koma ɗigo. Can wata uwa duniya, a tsakiyar teku, ga wani ɗan tabo. Unguwarsu ce, da gidansu da shagon Baba, duk sun faɗa ruwa.

Ta nemi bayanin fayil ɗin. Duk sauran tayil da mita aka auna su, shi kaɗai aka juya zuwa digiri, ma'aunin da waya ke amfani da shi wajen nuna wuri, kwamfuta kuwa ta karanta digirin a matsayin mita ta wurga shi can. An taɓa shi ne a makon da ta fara aiki. Sunan wanda ya taɓa shi ma yana nan.

Ta juya masa allon. Ya karanta, ya cire tabarau, ya mayar, ya sake cirewa.

"Malam, kai ne?"

Ya buɗe baki, ya rufe. Ya kau da kai gefe.

Ta ɗauki jakarta ta fita, kanta kamar zai rabe biyu. In mugunta ce, me Baba ya yi masa? In kuskure ne, me zai hana ya faɗa? Ko dai Yaya ke da gaskiya? Ta hau motar da ba ta unguwarsu ba, sai da aka yi nisa ta farga.

Saƙo ya shigo tana hanyar dawowa.

"Ni na taɓa shi. Wallahi ban san na danne na asalin ba, na zaci kwafi na yi. Na faɗa wa shugaba, babu wata maganar rushewa, ita ma mamaki ta yi. Dalilin da ya sa na taɓa shi kuma kunya ce ta hana ni faɗa."

"Kunyarka ta hana Baba cin abinci. Ni ba ni za ka faɗa wa ba. In da gaske kake sona, gobe ka zo shagonsa da kwamfutarka. In ba ka zo ba, na gane."

Sai da Mama ta yi ta lallashi kafin Baba ya yarda zai saurara. Da la'asar sai ga Malam, rungume da kwamfuta a ƙirji, yana tafe yana harɗe ƙafa. Yaya ma ya zo ganin yadda za ta kaya. Malam ya durƙusa ya gaida Baba kansa a ƙasa, Baba ya amsa a daƙile ba tare da ya dube shi ba.

Auta ce ta buɗe kwamfutar a kan bencin aiki, ta share garin katako da gefen mayafinta. Ta nuna wa Baba ramin, ta nuna masa ɗigon da ke cikin teku.

"Kamar a auna katako da inci ne, Baba, mai yanka ya ɗauka santimita ne. Gidan na nan, wurin zamansa aka ɓata."

Ta sake rubuta layin, wannan karon ta ƙara 'yar kalmar da ke cewa a mayar da kowane tayil ma'auni ɗaya kafin a jera.

"Baba, danna nan."

"Ni? In na ƙarasa nutsar da shi fa?"

Ya dai kai babban yatsansa ya danna da ƙarfi kamar mai buga ƙusa. Rubutu ya gudu, ya tsaya. Ramin ya cike. Ta buɗe hoton, sai ga rufin shagon, ga bishiyar tsakar gida, har da katakon da ya jingine a bango ranar da jirgin ya wuce. Baba ya daɗe yana kallo, ya share ido da bayan hannu, ya ce garin katako ne ya shige masa. Yaya ya tuna yana da wani alƙawari a cikin gari.

"To, samari," Baba ya juyo. "Cikin dubban hotunan nan, me ya kai hannunka kan nawa?"

Malam ya ƙara sunkuyar da kai. "Baba, gidan nake son zuwa. Na kasa tambayarta kwatance, sai na duba unguwar da ta ambata, na juya tayil ɗin yadda wayata za ta karanta, na biyo shi."

"Ka zo kenan?"

"Na zo."

"Ɗago in gan ka."

Ya ɗago. Baba ya ƙanƙance ido, ya matso, ya tafa hannu.

"La ilaha illallahu! Mai kujera!"

Auta ta dubi wannan, ta dubi wancan. Kan nata da ya fara warwarewa ya sake ɗaurewa.

"Shi ne ya zo ya tsaya min a ƙofa kamar an dasa shi," in ji Baba. "Na ce lafiya? Ya ce kujera yake so. Na ce wace iri? Ya ce kowace iri. Ƙafa nawa? Ya ce uku!"

"Gaisuwa na zo yi, Baba. Da na gan ka da zarto a hannu sai na manta. Bayan nan kuma na rasa da wane ido zan dawo."

Mama ta fashe da dariya daga bakin ƙofa har tana riƙe ciki. Auta ta rufe fuska da mayafi. Wata da watanni tana zama a kan kujerar nan tana tunanin me ya hana shi zuwa, ashe a kan dalilin take zaune.

Baba ya yi ƙoƙarin haɗe rai, abin ya gagara. Ya jawo kujerar, ya kaɗe ta da tsumma, ya ajiye a gabansa.

"Zauna, kayanka ce. Ka jefa min gida a teku don ka kasa yin tambaya ɗaya. Yau dai sai ka yi ta da bakinka. Me ya kawo ka?"

Malam ya zauna, gwiwoyinsa har kusa da haɓa, don kujerar ta yi masa gajarta. Ya gyara tabarau. A karo na farko bai yi in-ina ba.

"Auta nake so, Baba. Aurenta na zo nema."

"Madalla. Ka turo iyayenka. Amma ka yi musu kwatance da baki, kada su ɓace."

Ranar da aka kai Auta gidanta, kaya sun cika mota, gado da kabad duk aikin hannun Baba. Kujerar kaɗai ya hana a ɗora, shi ya ɗauko ta da kansa ya ajiye a tsakiyar ɗakin. Ya dafa kan Auta, ya dafa kafaɗar angon.

"Allah Ya yi muku albarka, Ya zaunar da ku lafiya, Ya ba ku zuriya ta gari. Duk abin da ya ɗaure wa ɗayanku kai, ya zauna a nan ya tambaya."

"Amin, Baba," suka ce tare.

Bayan kowa ya watse, wayarta ta yi ƙarar shigowar saƙo, alhali Malam na zaune kusa da ita.

"Tsakiyar Taswirata, na iso."

Ta karɓe wayar daga hannunsa ta ajiye a kan kujerar.

"Sannu da zuwa, Malamina. Yanzu faɗa min da baki."