Tokar da Muka Zuba a Daɓen Ɗakin Sanyi

Ni Sallau magini, tunda uwata ta haife ni ban taɓa gudun komai ba. Haka na faɗa wa 'ya'yan ƙannena ranar da suka zagaye ni a tsakar gida bayan sallar isha'i, suka ce in ba su labarin ɗakin sanyi.

"Kawu, ko aljani?" in ji Ɗanliti, ɗan ƙanwata.

"Aljani ma sai da ya gaishe ni. Ku matso. Ku rage murya."

Alhaji Tanimu mai kifin ƙanƙara ne ya ba ni aikin daɓen ɗakin da zai riƙa ajiye kifinsa. Ya ɗauko wata injiniya, Balaraba, ta zo da sabon kwaɓi. A rage siminti, a cika da tokar ɓuntun shinkafa. Ta ce ya fi sauƙi, kuma yana rage hayaƙin da ake yi wajen toya siminti. Amma ta ja mini kunne.

"Malam Sallau, wannan ba ya son gaggawa. Ya fi siminti zalla jinkirin kamawa. In aka kunna injin sanyi da sauran ruwa a cikinsa, ruwan zai daskare ya kumbura. Ka taɓa ganin kwalbar da aka manta a firij?"

Na ce na gani. Ta ce to haka daɓen zai yi.

Tokar da ta kawo ba ta isa ba. Sai na tura baro zuwa jujin da ke bayan injin casar shinkafa. Ana kiran magariba. Ni kaɗai. Ko yaron goye ya san ba a taɓa tsohuwar toka sai da sallama da bisimilla, domin akwai masu kwana a ciki. Ni ina sauri. Na kafa shebur kawai.

Tokar da ɗumi. Alhali injin ya daɗe a rufe.

Muka zuba daɓe, ya yi sumul. Bai gama kamawa ba motar kifi ta iso. Balaraba ta tafi wani aikin. Alhaji ya ce kifinsa ba zai ruɓe a rana ba, aka kunna inji.

Washegari daɓen ya fara tsagewa. Siririyar tsaga, kamar gashi. Kafin yamma ta zama kamar yatsa. Alhaji ya aiko: in gyara kafin gari ya waye, ko in nemi wani garin da zan yi gini.

Na ɗauki cokalin gini da guduma da tocila, na shiga. Na bar ƙofa a buɗe.

Ta rufe kanta. A hankali. Ba iska.

Na tura. Ƙofar ƙarfe ce, ba ta motsa ba. Na ƙwala wa maigadi kira, ƙarar inji ta haɗiye muryata. Sanyi ya fara cin kunnena. Yatsuna suka ƙi lanƙwasa.

Sai na ji shi. Ƙas. Ƙas. Ƙas. Daga ƙarƙashin ƙafata.

"Sannu da aiki, magini."

Wata tsohuwa ce zaune a kan kwalin kifi, lulluɓe da zane mai launin toka. Ni in na yi numfashi tururi ke fita. Ita babu. Kuma bakinta na motsi a can, muryar na fitowa daga daɓe.

Na haska ƙafarta. Ba ni ganin ƙafa. Daga idon sawu zuwa ƙasa ta nutse cikin kankaren da na zuba da hannuna. Ƙanƙarar da ke kewaye da ita tana narkewa, tana ɗiga.

"Inna, ta ina kika shigo?"

"A baronka."

"Kawu, me ka yi?" Ɗanliti ya tambaya, ya riƙe hannun ƙanwarsa.

"Me zan yi? Na gyara tsayuwa, na dube ta ido cikin ido."

Ta ce, "Ka kwashe mana gida ba sallama. Mun yi shiru. Ka kwaɓa mu da ruwa. Mun yi shiru. Amma mu da wuta aka yi mu, magini. Ka ji wannan ƙarar?"

Ƙas. Ƙas.

"Haƙoran jikokina ne. Ruwan da ka bari a ciki ya daskare, ya matse su. Duk inda ɗaya ya yi karkarwa, nan daɓenka ke tsagewa."

Na ce zan liƙe tsagar.

"Ka liƙe. Ƙofa ma ta liƙe."

Na dubi daɓen. Sai an fasa shi za su fita. Shi ne aikin da ya fi kowane kyau a rayuwata. In na fasa, Alhaji ya gama da ni. In ban fasa ba, da safe a same ni a sandare cikin kifi. Leɓena ya riga ya daina ji.

Na ɗaga guduma.

Kankaren da ya kamata ya gagari guduma sai ga shi yana marmashewa kamar ƙuli-ƙuli. Sanyi ya cinye ƙarfinsa tun daga ciki. Duk inda na fasa, wani huci mai ɗumi ya taso, ya shafi ƙafata, ya wuce. Ƙanana. Da yawa. Ina jin suna gogar wandona.

Ƙarar ta tsaya. Ƙofa ta buɗe.

Tsohuwar ta zaro ƙafarta. Ban kalla ba. Ta miƙo mini toka cikin tafin hannu.

"Autansu ne. Barci yake, ba zan tashe shi ba. Ka riƙe shi wuri mai ɗumi har in dawo. Kada sanyi ya taɓa shi."

Alhaji ya kore ni. Da Balaraba ta dawo aka sake daɓen, aka bar shi ya kama, yana nan lafiya har yau. Tokar kuwa na juye ta a gwangwanin madara. Ko yaushe ka taɓa, da ɗuminta.

"Saboda haka," na ce wa yaran, "kada wanda ya kuskura ya je juji shi kaɗai da magariba. Ba kowa ke da zuciya irin tawa ba."

Sai matata Ladidi ta leƙo daga ɗaki.

"Malam, wai gwangwanin ƙarƙashin gado kake nufi? Ai na zaci garin kunu ne, tururuwa na binsa. Tun la'asar na sa shi a firij."



Daga cikin ɗaki, a hankali: ƙas. Ƙas. Ƙas.

Ban san lokacin da na taka Ɗanliti ba. Na dai san an same ni a kan katangar maƙwabta, takalmi ɗaya, ina ihun a cire shi, a cire shi. Yaran duk suna zaune inda na bar su, sun ɗaga kai suna kallona. Babu wanda ya yi dariya, domin ƙarar ba ta tsaya ba.