Wasiƙun Dogo da Mai Tabarau

Ranar da ya fara ganinta, akwatin ƙarfe ne a kansa, zufa tana bin wuyan rigarsa. Malamin lissafi ne a wata sakandare, an kuma ce masa a bene na biyu na laburaren jami'a akwai ɗakin da ake gyara tsofaffin takardu. Ya tarar da ita ta sunkuya a kan teburi tana share wata takarda da ɗan siririn buroshi.

"Sannu da aiki. Takardun kakana ne, gara ta fara cin su."

Da ta ɗago, sai ya manta sauran bayanin da ya shirya tun daga gida.

"Sauke mana, Mai Akwati, kada wuyanka ya karye."

Sunan da ya bi shi ke nan.

Kakansa mawaƙi ne na zamanin da, ana kiransa Mai Tabarau. Shekara talatin suka yi suna jifan juna da waƙoƙin zambo, shi da wani mawaƙi da ake ce wa Dogo. Ta kwance wani ƙunshi da aka ɗaure da zare, sai hannunta ya tsaya cak.

"Wannan rubutun kakana ne. Dogo. A kan takardunsa na koyi ajami."

Wasiƙun Dogo ne zuwa ga Mai Tabarau, danshi ya manne su da juna, sai ɗaya ko biyu take iya ɓantarowa a mako. Shi bai iya ajami ba, don haka kullum aka tashi daga makaranta sai ya zo ta karanta masa. Na farko duk baƙar magana ce: "Baitinka na uku gurgu ne, ka saya masa sanda." Su yi ta dariya. Kafin wata biyu, ko babu sabuwar wasiƙa sai ya zo.

"Hasken idona, yau me Dogo ya ce?" ya rubuta mata wata safiya.

"Dogo bai ce komai ba. Jikarsa ce ta ce ka karya kafin ka shiga aji."

Ana nan sai ga Dakta, malamin adabi mai rubuta littafi a kan mawaƙan biyu. Ƙamshin turarensa kan riga shi shigowa, kuma yana karanta ajami kamar mai shan ruwa. Sai su haɗa kai a kan takarda ɗaya, su fashe da dariya a kan abin da Mai Akwati ba ya iya gani. Shi kuwa yana kusurwa yana duba jarrabawar ɗalibai, yana danna jan biro har takarda ta huje.

"Wai sai ya matso haka zai ga rubutun?" ya tambaye ta a kan matakala.

"Rubutun ƙanana ne."

"To ya sayi tabarau mana!"

Ta yi dariya har da riƙe bango. Shi bai yi ba. A ranar ya je wurin gwaggonsa ya ce ta fara koya masa ajami, kuma kada kowa ya ji.

Da kawunsa ya je nema masa izinin aurenta, Abbanta ko ruwan da aka kawo bai bari sun sha ba.

"Jikan mutumin da ya kira ubana tsohon tsani? Ina aji uku yara suke bi na da waƙar nan har ƙofar gida. Ku yi haƙuri, ba zan iya ba."

Da kawun ya kawo wa Mai Akwati amsar, ya ƙara masa da cewa ya ga motar Dakta a ƙofar gidan, kuma Abban da kansa ya rako Daktan.

Washegari ya je laburare zuciyarsa a cushe. Ta fita wanke hannu, wayarta tana kan teburi a buɗe. Bai yi niyyar dubawa ba, amma ya duba. Saƙo ne ta tura wa Dakta:

"Kwana uku ban ji daga gare ka ba, abinci ya ƙi shiga. In fushi kake, zo ka zage ni ido da ido, ya fi mini wannan shirun."

Ya kwashi takardunsa ya sauka. Ta kira, bai ɗauka ba. Ta rubuto, "Mai Akwati, lafiya?" Ya amsa, "Lafiya lau. Ki ci abinci, kada ki rame saboda shi." Daga nan ya kashe wayar. Kwana tara yana koyar da lissafi yana kuskure a allo, ɗalibai suna gyara masa.

A rana ta goma ta shigo ofishin malamai, ta ajiye hoton wata wasiƙa a gabansa.

"Na je gidanku nemanka, gwaggonka ta ce ka fara haɗa baƙi. Karanta."

Ya sa yatsa yana bi, yana tuntuɓe. "Kwa... kwana uku... ban ji daga gare ka ba..." Ya duba ƙarshen takardar. A ƙasa an sa hannu: Dogo.

"Ina juya wa Dakta su zuwa boko saboda littafinsa," ta ce, idonta ya kawo ruwa. "Ka leƙa wayata, ka yanke mini hukunci, ko tambaya babu."

"Na yi laifi, ƙalbina. Amma ki gaya mini gaskiya, yana son ki?"

"Yana so. Ya faɗa wa Abba, ya faɗa mini. Na ce masa an riga shi."

"Wa ya riga shi?"

"Wani mai baƙin kishi da ba ya ɗaukar waya."

Malaman da ke ofishin duk suka duƙufa a kan littattafansu suna danne dariya.

A kwanakin da ya ɓace ta ɓantaro wasiƙun ƙarshe. Da yamma suka kai wa Abbanta guda biyu daga ciki, yana zaune a falo. Mai Akwati ya durƙusa daga bakin ƙofa. Abban ya karɓa da fuska a ɗaure, amma da ya ga rubutun mahaifinsa sai ya gyara zama. Ta farko tana cewa: "Ka kira ni tsohon tsani a waƙar gaba, na ba ka kyauta. Mutane za su yi dariya, ni kuma na riga na tanadi amsa." Ta biyu gajeriya ce: "An haifa mini ɗa da asuba. Kai na fara gaya wa. Ka zo ta ƙofar baya ka sa masa albarka, kada masoyanmu su gan mu tare."

Abban ya daɗe yana kallon kwanan watan. Ranar haihuwarsa ce.

"Ashe wasa suke," ya ce, yana goge ido da gefen hannun riga. "Shekara hamsin ina riƙe da mutumin da ya fara ɗaukata a raina." Ya dubi saurayin. "Tashi daga nan, ɗana. Ka ce wa kawunka ya dawo."

Bayan wata uku aka ɗaura aure. Dangin Dogo da na Mai Tabarau suka zauna a jere, tsofaffi suna tuno baitocin zambon suna tafawa. Dakta ma ya zo ya yi murna, ango ya riƙe hannunsa da fara'a, ya raka shi har mota, ya tsaya sai da ya ga ta sha kwana.

Da aka zo sallama, Abban ya haɗa hannuwansu a cikin nasa.

"Ke, ki yi haƙuri da shi, na ga kishinsa da yawa. Kai kuma, in abu ya dame ka, buɗe baki ka tambaye ta. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya albarkaci zuriyarku, ya jiƙan tsofaffin nan biyu."

Ango ya ce amin da ƙarfi, har amarya ta taka masa ƙafa.