Lasifikar Hagu

Da la'asar sakaliya ta wata Asabar, Nedim Alagić ya ɗauko injin huda don ya rataye lasifikokinsa a bangon falo. Guda biyu ne, na katako mai duhu, nauyin kowace ya kai fam sittin. Shekara biyu ya yi yana gyara su a gareji, kuma mu maƙwabtansa a unguwar Bevo mun ji tarihinsu fiye da yadda muka nema.

"Ka bari sai da safe," in ji matarsa Senada daga kicin. "Magariba ta kusa."

"Bango bai san ƙarfe nawa ba," ya ce.

Bangon gidajenmu fanko ne. Sandunan katako ne a tsaye cikinsa, inci goma sha shida tsakanin kowace biyu, kuma wanda zai rataye abu mai nauyi sai ya samu sanda, in ba haka ba kaya su faɗo da rabin bango. Mutane kan auna da tef. Nedim yana alfahari da kunnensa, don haka ƙwanƙwasawa ya yi. Ta dama ta hau lafiya. A hagu ya buga, fanko, ya buga, fanko, sai ya ji wani wuri ya amsa a cike. Inci takwas ne kawai daga sandar da ta gabata, inda babu dalilin samun katako. Bai damu ba. Ya huda, ya murɗa dogayen kusoshi huɗu, suka shiga da laushin da ya ba shi mamaki, suka kuma riƙe gam.

Da hasken ya gama janyewa daga taga, sai aka ji tsakuwa tana zuba a cikin bangon, ɗaya bayan ɗaya, a hankali. Ni da na leƙo daga maƙwabta na ce masa tsohon shafe ne yake rugujewa. Washegari da magariba lasifikar hagu ta fara numfashi, alhali ba a haɗa ta da komai ba. Na yi shekara talatin ina koyar da kimiyya, na san lasifika takan kamo rediyo. Ban dai taɓa sanin tashar da ba ta da wani shiri sai numfashi ba.

A rana ta uku 'yarsu Belma, mai shekara goma sha shida, ta daina magana. Takan tsaya ta jingina da bangon, kafaɗarta ta hagu a sauke kamar mai ɗauke da buhu. An kai ta asibiti sau biyu. Likitoci suka duba, suka ce lafiyarta ƙalau, suka ba su takarda mai tabbatar da hakan. Ta daina cin abinci. Kullum kafaɗar sai ƙara sauka take yi.

Senada ce ta kira Hoja Rifat, malamin masallacinsu, tsoho ɗan siriri wanda ya yi ritaya daga tuƙin motar makaranta. Ya zo bayan la'asar, ya sha kofi, bai dubi yarinyar ba. Bangon ya duba. Sai da rana ta faɗi ya zauna gabanta ya soma karatu, ni da iyayenta muna tsaye a gefe. Gidan ya yi tsit, har firiji ya yi shiru.

Can sai bakin Belma ya buɗe. Muryar ta tsoho ce, a shaƙe.

"Ya isa. Ina ji."

"Me ta yi maka?" in ji Hoja.

"Ita ba ta yi komai ba. Ubanta ya ƙwanƙwasa mini. Na jingina bayana don in ji wane ne. Sai ya huda."

Nedim ya nemi kujera ya zauna.

"Kwana tara ina ɗauke da akwatinsa. Ita ma ta taya ni."

"Za a zare kusoshin. Ka sake ta."

"In koma ina? Ya ɓula mini ɗaki, iska na shiga. Nan ya fi ɗumi."

Suka daɗe suna ja. Hoja ya ƙara karatu, muryar ta yi nishi, tsakuwa ta zubo a bango kamar ruwan sama. Daga ƙarshe muryar ta ce, "To, a ba ni akwatin. Cikinsa duhu ne, kuma an yi shi da kyau."

"Ta hagu?" in ji Nedim. "Malam, ai ba a sauraron guda ɗaya."

"Nedim," in ji Senada.

Da hannu ya kwance kusoshin, kamar yadda Hoja ya umarta. Lasifikar da ya ɗaga shi kaɗai ranar Asabar, sai da mu uku muka kama kafin ta sauko. Tana taɓa ƙasa Belma ta zube. Ta buɗe ido ta dubi ubanta ta ce, "Babo, ƙishirwa nake ji," da muryarta.

Hoja ya ce a kai akwatin kogi a nutsar da shi kafin isha'i. Nedim ya ce to. Muka ja shi har lungun bayan gida, Nedim ya tsaya yana shafa katakon, ya ce bari ya raka malam tukuna, ya dawo da mota. A wannan gari, duk abin da aka ajiye a lungu kyauta ne ga wanda ya fara gani, kuma Nedim ya san haka kamar kowa. Ya ɗan jima wajen rakiyar. Da ya dawo lungun wayam.

Belma ta warke, ta koma makaranta. Ni har yanzu ina ganin akwai bayani, ban dai same shi ba tukuna.

Bayan mako guda, da magariba, wani mutum da ba mu sani ba ya tsaya a ƙofar Nedim, hularsa a hannu, idanunsa sun yi ja.

"Kai ne Nedim?"

"Ni ne. Wa ya ba ka sunana?"

"'Yata," ya ce. "Shekararta huɗu. Ta ce in zo in karɓo ɗayar lasifikar. Wai iyalin wanda ke cikin akwatin sun iso, wurin ya yi musu kaɗan."