Baitin da Bara'atu Ta Yanke

Ana gab da kiran magariba a Tambuwal, Hinde tana tsugune tana alwala, sai dutsen farko ya faɗo kan kwanon ɗakin Bara'atu. Kaji sun riga sun shige akurki. Ta ɗaga kai, ba ta ga kowa bisa katanga ba. Na biyu da ya faɗo, ya gangaro har gaban butarta. Da ta taɓa shi, sai ta ji shi da ɗumi, ga garin gero a jikinsa.

Bara'atu ɗiyarta ce ta fari, tana karatun aikin jarida a Sakkwato. Malaminsu ya ce kowa ya shirya bidiyon waƙa, gajere, kada ya wuce lokacin da ya yanka musu. 'Yan ajinsu duk suka bi mawaƙan birni. Ita kuwa ta hau babur har Fakku, can ƙasar Kebbe, wurin kakarta Dada, uwar Hinde, ta ce waƙar niƙa take so. Tsohuwa ta yi dariya, ta durƙusa gaban tsohon dutsen niƙa da ke gindin rumbu, ta rera mata tun daga fari har ƙarshe, yarinya tana ɗauka da waya. Ba a jima ba Dada ta rasu.

Tun da aka share makoki Bara'atu ta duƙufa kan shirin bidiyon a gida. Tana zana yadda kowane hoto zai bi ɗan'uwansa, tana neman zanen saƙi da ƙwarya da faifai, tana tambayar tsofaffi yadda ake ɗaurin ƙirji a da. Waƙar ta yi tsawo, sai ta yanke baitin ƙarshe ta goge. Abin da ya rage shi take kunnawa a kwamfuta, in ya ƙare ya sake farawa, muryar Dada tana cika gida:

"Taho mu niƙa, abokiyar aiki,
Hannu guda ba shi cika ƙwarya."

Bayan jifa sai ƙara ta biyo. Kullum rana ta yi ja, sai a ji gurzar dutse kan dutse daga ɗakin, alhali rabon gidan da dutsen niƙa tun kafin a haifi yarinyar. Armaya'u, maigidan, ya ce ɓera ne. Ranar da Hinde ta ɗaga labule, ya daina faɗin haka.

Bara'atu tana durƙushe bisa siminti, tana tura hannuwa gaba tana jawowa, ba komai a ƙarƙashinsu. Fatar tafinta ta saɓule. Idonta a buɗe, amma ba ta gane uwarta ba.

"Ke, tashi," in ji Hinde. Ba ta taɓa kiran sunanta ba, don kunyar ɗan fari.

Yarinya ba ta ɗago ba.

Aka kai ta asibiti, aka naɗe hannuwan, aka ba ta maganin barci. Magariba na yi ta kwance ƙyallen da haƙori ta koma. Ba ci, ba sha, sai abin da aka ɗura mata. Hinde ta karanta duk abin da ta sani, ta tofa a ruwa, ta shafa mata. Tana kallon ɗiyarta tana ƙarewa kamar sabulu a ruwa, har ta fara jin tsoron faɗuwar rana.

Ranar wata Alhamis Armaya'u ya ɗauko Malam Sambo, dattijon da ke karantarwa a zaurensa bayan kasuwa. Ya zauna bakin ƙofa, ya sa Hinde ta riƙe kafaɗun yarinyar, ya fara karatu a hankali. Bai ɗaga murya ba. Yana kaiwa tsakiyar Ayatul Kursiyyu hannuwan suka tsaya.

"Malam, rage wutar ga," in ji wata murya daga bakin Bara'atu. Muryar tsohuwa ce, a shaƙe, kamar mai ƙura a maƙogwaro.

"Wace ce ke?"

"Abokiyar aiki. Ni ka kama wa matan gidan Dada niƙa tun kakannin kakanninta."

"Mi ya kawo ki gidan mutane?"

"Kirana anka yi. Tun da injin niƙa ya zo Fakku nike kwance gindin rumbu, ba wanda ya neme ni. Sai ga muryar Dada, taho, taho, safe da marece. Na taho. Ba hatsi, ba dutse, kuma ba a ce in tashi ba."

"To ni na ce ki tashi. Ki ji tsoron Allah, kin kashe mata hannu."

"A ba ni ɗiyar in tafi da ita. Ta iya durƙuso."

"Ba a ba ki."

"To baƙar akuya."

"Ko gashinta ba ki samu. Gidan ga ba a yanka don kowa sai Allah." Ya ci gaba da karatu. Jikin yarinyar ya ɗauki rawa, har Hinde ta ji ƙasusuwan kafaɗar suna motsi a hannunta.

"Tsaya, Malam. Ni ma na gaji. A sallame ni yadda aka saba. Waƙar tana da ƙarshe."

Malam ya dubi Hinde. Armaya'u ya buɗe kwamfuta, ya duba wayar, babu ƙarshen. Dada kuwa tana kabari.

Hinde ta shiga ƙoƙarin tunawa. Tana 'yar ƙarama injin ya zo garinsu, shekarun da kuɗin mai suka shigo, mata suka jingine duwatsu. Ta san farkon waƙar kamar kowa. Ƙarshen kuwa Dada takan yi shi ne ƙasa-ƙasa, tana share dutse.

"Malam, in na rera ƙarshen, ba saɓo ciki?"

"Sallamar baƙo ce, Hinde. In kin ji abin da ba shi da kyau, ki tsaya."

Ta rufe ido, ba abin da ya zo. Sai ta saki kafaɗun, ta durƙusa gefen ɗiyarta, ta fara share simintin da gefen hannu, yadda uwarta ke tattara gari. Hannun ne ya fara tunawa, sannan baki ya bi:

"Gari ya samu, abokiyar aiki,
Na share dutse, na kife ƙwarya.
Koma gidanki da amincin Allah,
Ni ma ɗakina nika shiga."

Can muryar ta ce, "Madalla, ɗiyar Dada." Labule ya motsa, ko iska babu. Yarinyar ta sulale a cinyar uwarta.

"Bara'atu," in ji Hinde, a gaban mijinta da Malam, ba ta ji kunyar kowa ba.

"Na'am, Inna. Hannuna."

Da hannuwan suka warke ta koma Fakku ta ɗauki bidiyonta. Muryar Dada ce ta buɗe shi, ta Hinde ta rufe. Malaminsu ya ce ya wuce lokaci, ko ta yanke baitin ƙarshe ko ya rage mata maki.

Ta ce ya rage.