Ɗaki Biyu a Badariya

"Kada ka ƙara zuwa wurina, Dikko!"

Riskuwa ta faɗi haka ba tare da ta ɗago kai daga bokitin da take tara ruwa a famfo ba.

"Riskuwa... mi na yi maki?"

"Ba ka yi komai ba. Son da kake min ne ya ja muna."

Tun daminar da gulbi ya cika ya cinye gidajen su Riskuwa a Zauro, ƙaramar hukumar Birnin Kebbi ta kwaso su ta zuba a wani tsohon siton shinkafa. Kowane iyali ya rataya tabarma ko tsohon zani, shi ne bangonsa. Tarin maƙwabci, kukan jariri, faɗan miji da mata, duk a kunnen kowa.

Dikko ɗan Argungu ne, ma'aikacin ofishin jin daɗin jama'a, shi ke kawo musu hatsi da barguna. Ranar da tari ya kwantar da mahaifinta, Malam Tamba, shi ya goya shi a babur zuwa asibiti. Daga nan gaisuwa ta fara tsawo, har ta zama abin da ta zama.

Hukuma na gina ƙananan gidaje a Badariya, ɗaki biyu-biyu, an kuma yi wa Malam Tamba alkawarin shiga sahun farko saboda ciwonsa. To, da safiyar nan masinja ya zo ya ce Kantoman ƙaramar hukumar ya janye alkawarin.

"An ce don kana nema na ka sa Baba gaba," in ji Riskuwa. "Wai da fuskata muka sayi gida!"

"Wa ya ce?"

"Tambayi Asiya."

Ya runtse ido. Asiya mai buga tafireta ce a ofishinsu, ɗiyar ƙanwar mahaifiyarsa, wadda aka daɗe ana yi masa sha'awarta.

"Rabin raina, saurare ni..."

"Na gaji, Dikko. Wallahi na gaji! Baba ba zai ƙara wata damina cikin wanga sito da rai ba. In zaɓi ne tsakanin kai da rufin kansa, ka san abin da zan ɗauka."

Ta ɗora bokitin a ka ta wuce, ruwa na zuba mata a wuya.

Ranar Juma'a ya tafi Argungu, ko zai samu sauƙi wurin mahaifiyarsa, Hajiya Laure. Ya tarar da labari ya riga shi isa.

"Inna, ɗiyar mutunci ce. Ruwa ne ya raba su da gida, ba hali ba."

"Ban ce ba ta da hali ba. Amma ina za mu kai goro? Sito? Mu ɗaga tabarma mu yi sallama?"

"Inna..."

"Ga Asiya nan, jininka!"

"Asiya ta hana tsoho mara lafiya wurin kwana don ta same ni. Ko mata sun ƙare ba ni aurenta."

Hajiya Laure ta juya masa baya, ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Da ya koma bakin aiki, kai tsaye ya nufi ofishin Kantoma. Mutumin ya saurare shi yana murza goshi.

"Malam Dikko, gidajen nan ba su kai rabin mutanen ba. Duk wanda na ba, goma za su zage ni. Ga kuma wannan magana taka."

"Ranka ya daɗe, a cire hannuna daga aikin rabon. A sa likita ya duba tsohon, abin da ya ce a bi. Ni kuma a ɗauke ni daga garin baki ɗaya, bakin mutane ya huta."

"Ka san ƙarin girma na gabanka?"

"Na sani."

Aka mayar da shi aiki garin Gulma. Bai je sallama ba, don kada a gan shi bakin siton.

Likita ya duba Malam Tamba, ya ce ƙirjinsa ba zai jure danshi ba. Aka ba su gidan.

Riskuwa ta share ɗakunan, ta shimfiɗa wa mahaifinta tabarma, ta rufe ƙofa... ƙofa ta gaske, mai sakata. Sai ta zauna a bayanta ta yi kukan da ta kasa yi a gaban mutane.

Wata ya bi wata, babu Dikko, babu saƙonsa. Ita ta kore shi, wa za ta kai wa ƙara?

Sai bayan an yanke shinkafa, wata ranar da hantsi, ta ji sallama. Ta leƙa. Shi ne, ya rame ya yi baƙi, tare da baffansa Malam Usmanu da ƙwaryar goro.

"Dikko..."

"Na ji tarin Baba ya yi sauƙi."

"Ya yi. Kai fa, haka ka koma?"

"Ke kika ce kada in zo, masoyiyata. Wurin Baba muka zo yau."

Dariya ta kubce mata tare da hawaye.

"Innarka fa?"

"Ba ta sa albarka ba tukuna. Amma ba ta hana Baffa tahowa ba."

Aka ɗaura aure ba wani taro. Da la'asar motar amarya ta bi ta gaban siton, inda har yanzu sauran mutanen Zauro ke jiran nasu rabon. Matan suka fito bakin ƙofa suna rangaɗa guɗa. Riskuwa ta ɗaga musu hannu har suka ɓace, ta kifa kai a kafaɗar ƙawarta Balaraba, barci ya sace ta.

A Argungu aka tashe ta. Hajiya Laure na tsaye a tsakar gida, fuska ba yabo ba fallasa. Riskuwa ta durƙusa har ƙasa, ta kasa haɗa gaisuwar.

Tsohuwar ta daɗe tana kallonta. Can ta sauke ajiyar zuciya.

"Ku ɗaga ta mana, kuna kallo! Ku kai ta ɗakina ta kwanta. Ɗiyar nan ta sha wuya."